Yadda Ake Haɗa Wa Ƙaramin Injin Zarto Sabon Fens Mai Riƙe Awo

Ƙofofin wadrob shida na yanka da safiya ɗaya, duka a kan santimita 45. Da na jera su a jikin bango sai na ga babu biyu da suka zo daidai. Wata sama ta cika awo, ƙasa ta gaza da milimita 3. Wata kuma gefenta ya yi baƙi kamar an ɗora mata dutsen guga. Kayan ɗakin amarya ne, ranar jere ta matso, kuma kowa ya san allon MDF ba abin da ake zubarwa a sake saye haka kawai ba ne. Faifan zarton sabo ne, moto lafiya lau. Laifin duk na fens ne, wato sandar nan da katako yake jingina da ita yayin da ake tura shi cikin zarto.

Yawancin ƙananan injinan da muke iya saye haka suke zuwa. Kamfani ya kashe kuɗinsa a kan moto, ya kawo wani siririn gorar ruwa ya ce shi ne fens. Irin wannan yana kama teburi gaba da baya, kuma kansa gajere ne, don haka duk lokacin da ka danne maƙullin sai ya ɗan karkace, yau hagu gobe dama. Injinan da masu walda suke haɗa mana a nan Kano kuwa, sau da yawa katako ne kawai da matsi biyu. A auna gaba, a auna baya, a ɗan buga da guduma, a sake aunawa. Ɓata lokacin ma da sauƙi. Abin tsoron shi ne idan wutsiyar fens ta matso kusa da zarto fiye da gabansa. Katako zai matse a tsakani, haƙoran baya waɗanda sama suke tasowa su ɗaga shi, injin ya harbo maka shi. Na ga guntun katako ya fita haka ya lotsa ƙofar kwano a shagon da na koyi aiki, kuma yaron da ke tsaye a wurin bai fi taki ɗaya da hanyarsa ba.

Fens ɗin da zan bayyana an ɗauko tsarinsa ne daga irin na Biesemeyer da ya yi suna a Amurka. Siffarsa kamar harafin T. Gaba kawai yake kamawa, a jikin bututun ƙarfe mai kauri, kuma wurare uku yake dafawa: biyu ta bayan bututun, ɗaya ta gabansa. Da zarar ka ɗaure, waɗannan ukun su suke tilasta masa miƙewa. Mai walda na unguwa zai iya haɗa shi a wuni ɗaya.

Kafin ka sayi ko guntun ƙarfe

Fara da cire filogi daga soket. Kashe makunni bai isa ba, musamman a garin da wuta ke tafiya ta dawo ba sallama.

Sai ka duba ko shi kansa faifan zarton a miƙe yake da teburin. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su haɗa fens mai kyau, sannan su yi ta mamakin yadda katako ke ƙonewa. Ɗaga faifan har ƙarshe. Zaɓi haƙori ɗaya ka yi masa alama da maka. Juyo shi gaba, ka jingina sikwaya mai zamiya a bakin kwarin nan da ke kan teburi, wato doguwar tsagar da ta taso daga gaba zuwa baya, ka turo rular har ta shafi haƙorin, ka ɗaure. Juya wannan haƙorin dai zuwa baya, ka ja sikwayar can. Idan ta shafe shi kamar yadda ta yi a gaba, madalla. Idan akwai rata, gwada ta da takarda. Farar takardar fotokofi kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Takarda ɗaya ba komai, biyu ana iya haƙuri, abin da ya wuce haka sai an gyara. A ƙarƙashin teburi akwai notikan da suka riƙe moto da ƙafafunsa. Sassauta su kaɗan, ka ɗan buga da katako, ka ɗaure, ka sake aunawa, domin ɗaurin kansa yana iya gusar da shi.

Idan injinka haɗin gida ne kuma babu kwari a teburinsa, faifan shi ne madogararka. Jingina doguwar rula ta ƙarfe a jikinsa, tsakanin haƙora, ka ja layi a kan teburi daga gaba har baya. Da wannan layin za ka riƙa gwada komai.

Kama ƙarfen tsakiya kuma ka girgiza faifan hagu da dama. In yana motsi, boris ya ci, a canja shi tukuna.

Sayen ƙarfe

Kasuwar Ƙofar Ruwa ita ce wurin. Ba zan kawo farashi ba, tunda na wannan makon ba shi ne na makon gobe ba. Bututu mai kusurwa huɗu kake so, milimita 50 da 50, wanda masu sayarwa ke kira tu-bai-tu, tsawon mita 1 da santimita 30. Kaurin jikinsa ya kai milimita 3. Kada ka yarda da siririn nan da ake ƙofofi da shi, maƙulli zai lotsa shi cikin wata guda. Sai angul, wato ƙarfe mai siffar harafin L, mai ƙafa 75 da 50, kauri 6, tsawonsa ɗaya da bututun. Shi zai ɗauki bututun. In ba a samu mai ƙafafu daban-daban ba, sayi 75 da 75 a rage ƙafa ɗaya da giranda. Kan fens ɗin angul ne 50 da 50, kauri 5, tsawon santimita 40. Jikin fens kuma bututu 50 da 75, tsawonsa zurfin teburinka daga gaba zuwa baya, ka ƙara santimita 15. Ka haɗo da guntayen falat ba, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe, mai kauri 6, noti M12 (mai kaurin milimita 12) dogo guda ɗaya da kansa, notika M8 na ɗaurewa, da ƙananan sukurori M8 marasa kai guda huɗu waɗanda ake juyawa da alanki.

Tsawon mita 1 da 30 ɗin nan ga dalilinsa. Faɗin allon filawud ko MDF santimita 122 ne, rabinsa 61. Domin fens ya iya buɗewa har 65, dole bututun ya wuce zarto ta dama da kusan santimita 95, saboda rabin kan fens yana buƙatar wurin zama. Sauran 35 ɗin ya tafi hagu.

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin ƙarfen da ya lanƙwashe babu gyaran da zai miƙar da aikinsa. Ɗaga bututun ka kai ƙarshensa ido, ka hango shi kamar mai duba gorar da zai yi sanda. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne ka haɗa biyu fuska da fuska ka duba ko haske na ratsawa, sannan ka juya ɗayan ka sake haɗawa. Lanƙwasa biyu suna iya kwanciya cikin juna su ruɗe ka, amma da ka juya ɗaya sai ratar ta fito fili. Mai kaya zai ce maka, "Maigida, ai duk ɗaya ne, daga kamfani suke." Ka ce masa, "Haka ne Alhaji, amma bar ni in zaɓa, aikin awo ne." Ban taɓa ganin wanda ya hana ba. Kowane bututu yana da layin ɗinki a fuska ɗaya. Wannan fuskar ita za ta kalli ƙasa.

Ɗaura bututun gaba

Teburin ƙaramin inji sau da yawa bakinsa siriri ne, ba zai ɗauki wannan nauyin ba. Shawarata ita ce ka yi masa gida: firam na ƙarfe ko na busasshen katako mai kauri, injin ya zauna a ciki daram an ɗaure shi da notika, samansa ya yi daidai da saman ƙarin teburin da za ka yi ta dama. A jikin wannan firam ɗin za a ɗaura angul. Ƙarin teburin ya samu ƙafafunsa, in ba haka ba ranar da ka ja fens can ƙarshe ka ɗora cikakken allo, injin zai nemi kifewa.

Gajeriyar ƙafar angul, mai 50, ita ke manne wa gaban teburi. Doguwar tana kwance a ƙasa ta miƙo wajenka kamar kanta. Bututu yana zama a kanta, bakinsa daidai da bakinta, sai a samu rata ta kusan milimita 19 tsakaninsa da ƙafar da ke tsaye. Cikin wannan ratar kan fens zai riƙa tafiya.

Saman bututun ya kasance ƙasa da saman teburi da milimita 12, daga wannan ƙarshe har wancan. Hakan zai bar kwarin teburi a buɗe, tunda zurfinsa bai cika kai milimita 10 ba. Kada ka dogara da tef a nan. Yanko guntun katako mai kauri 12, ka kwantar da rula a kan teburi ta leƙo waje, ka riƙa zura guntun tsakanin rular da bututun. Riƙe komai da matsi har sai ya zauna, sannan ka huda. Ramukan angul ka faɗaɗa su kaɗan domin ka samu damar ɗagawa ko saukarwa daga baya. Angul ake fara ɗaurewa, sai bututun daga ƙasa da notika huɗu. Kada a yi wa bututun nan walda ko ɗigo ɗaya, zafi zai ja shi.

Wajen mai walda

Kan fens yana kifuwa ne a kan bututun: ƙafa ɗaya a kwance a sama, ɗayar ta sauka cikin ratar baya. Kafin a kunna wuta, a huda ramuka huɗu a fitar musu da zaren M8. Biyu a ƙafar da ke tsaye, santimita 3 daga kowane ƙarshe, a tsayin da zai faɗa tsakiyar bututu. Biyu a ƙafar da ke kwance, su ma kusa da ƙarshe. Na tsaye su ne za su miƙar da fens da zarto. Na kwance su ne za su tsayar da fuskarsa cak a kan teburi.

Ɗora guntun falat ba mai kauri 6 a tsakiyar kan, sannan jikin fens a kansa, tsayin 75 yana kallon sama. Lissafin ke nan: robar da za a sa a ƙarƙashin kan da sukuru milimita 4, angul 5, falat ba 6, jimla 15. A cire 12 ɗin da bututu ya sauka, jikin fens zai wuce saman teburi da milimita 3, ba ya gogar komai.

Masu walda sun saba da ƙofa da taga, inda milimita biyu ba ta hana a karɓi aiki. Ka zauna a wurin, ka yi bayani da ladabi. Ni ce masa na yi, "Malam, don Allah ɗigo huɗu kawai tukuna, mu gwada." Aka ɗiga, muka sa babbar sikwaya, muka ga ya ɗan ja, aka buga ya dawo. Bayan haka ne ya riƙa yin gajeriyar walda, wannan gefe kaɗan, wancan gefe kaɗan, yana barin ƙarfen ya huce tsakani. Walda tana jan ƙarfe zuwa gefen da aka zuba ta, kuma doguwa a gefe ɗaya za ta lanƙwasa angul ɗin kamar baka. Kada a zuba ruwa don a yi sauri. Ƙaramar karkata sukurori za su ɗauke ta, amma kan da ya lanƙwashe sai dai a sake wani.

Maƙullin ba shi da wuya. A ƙasan jikin fens, inda ya leƙo gaba, a manna falat ba mai ƙarfi ya sauko, kusan santimita biyu da rabi gaban bututu, a tokare shi da ƙaramin kusurwa don kada ya buɗe. A huda shi, a manna kan noti M12, a zura dogon notin, a yi masa mariƙi. Dole bakinsa ya faɗa tsakiyar tsayin bututu, daidai da sukurorin baya. In ya yi sama ko ƙasa, duk ɗauri sai fens ya ɗaga wutsiya ko ya dunƙule. Tsakanin bakin notin da bututu a rataya ɗan falle na ƙarfe mai roba a fuska, don kada ya riƙa tona rami.

Robar kuwa ba sai ka je nesa ba. Tsohuwar jarkar mangyaɗa, ruwan ɗorawar nan, tana da santsi kuma tana jure guga. Yanko daga gefenta mai faɗi, falle biyu tsawon kan fens. Ɗaya a cikin ƙafar tsaye, ɗaya a ƙarƙashin ta kwance. A tsakiya kawai za ka kama kowanne da ribit, ka nutsar da kan ribit ɗin cikin robar, ka bar ƙarshensu sake domin sukurori su riƙa turo su daga baya. Wani guntun kuma ka ninka ka manna a ƙarƙashin wutsiyar fens, shi zai riƙa zamewa a kan teburi.

Fenti a shafa ko'ina ban da sama, gaba da bayan bututun. Waɗannan a goge su da sanfefa mai laushi a shafa kyandir. Baƙin mai yana kama garin katako da ƙurar hunturu ya zama laka, kuma yana ɓata aiki.

Fuska da saiti

Fuskar da katako zai shafa ka yi ta da filawud mai kyau na milimita 18 wanda aka manna wa fomika, ko allon da ya zo da santsinsa. Tsayin santimita 8 zuwa 9 ya isa. Katako zalla ban ba da shawararsa ba a garin nan. Abin da ka saita a watan Agusta lokacin da iska ke da laima, kafin Janairu hunturu ya murɗa shi. Nutsar da kawunan notika, ka bar milimita ɗaya ko biyu tsakanin fuskar da teburi domin gari ya samu hanyar wucewa. Ɗora rula a tsawonta. Inda ka ga rami, sassauta ka cusa takarda a baya har ya cike.

Yanzu ɗora fens ɗin. Fara da sukurorin sama: tsayar da sikwaya a kan teburi ka jingina da fuskar, ka juya har haske ya daina ratsawa. Sai na baya. Kawo fuskar daidai bakin kwarin teburi ko layin da ka ja, ka ɗaure, ka shafa da yatsa gaba da baya. Yatsa yana jin abin da ido ba ya gani. Ɗaga fens, juya sukuru ɗaya rubu'in zagaye, mayar, ɗaure, shafa. Za ka yi haka sau biyar ko goma, kada ka gaji. Ni nakan bar wutsiyar ta kauce wa zarto da kaurin takarda biyu. Wasu sun fi son ta miƙe sak, kuma ba laifi. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ta matso ciki. Ka tuna kuma, in ka taɓa mayar da fens hagun zarto, wannan kaucewar za ta koma matsewa. Da ka gama, ɗiga ɗan gam a zaren sukurorin don girgizar inji kada ta kwance su.

Tef ɗin awo zai zauna a saman bututu ta bakin gaba, inda kan fens bai rufe ba. Tsohon tef da ya karye ya wadatar, a yanko a manna. Ma'aunin karantawa kuma guntun roba mai gani-har-hanji ne, ka ja masa siririn layi da wuƙa a ƙasa, ka cika da jan biro, ka yi masa dogayen ramuka don ya iya gusawa. Saita fens a santimita 10, yanka guntu, auna shi, ka gusar da robar ta nuna ainihin abin da ya fito. Duk ranar da ka canja faifai, sake wannan gwajin, domin faɗin haƙora ya bambanta.

Gwajin ƙarshe: yanka allo biyu masu tsawon mita ɗaya, ka haɗa bakunansu. Saurari injin kuma. Idan katako ya wuce haƙoran baya kana jin "shiii" suna ci, ko gari na tashi ta baya, saitin bai zauna ba.

Akwai ƙari ɗaya ga mai tsaga katakon da ya ɗauko daga 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo. Yawancinsa daga kudu yake zuwa da sauran danshi, kuma da zarto ya shiga sai ka ga ya buɗe baki ko ya tsuke. Wanda ya buɗe zai tokari dogon fens ya tura kansa cikin faifai. Maganinsa gajeriyar fuska: guntun filawud miƙaƙƙe da za ka ɗaura a kan fens daga gaba ya tsaya daidai tsakiyar faifai, sai katakon ya samu filin motsi bayan an yanke shi. Wanda ya tsuke kuwa wuƙar nan ta bayan faifai ce ke hana shi cafke zarto. In an cire ta an jefa ƙarƙashin benci, a nemo ta a mayar.

Ka koya wa yaran shago cewa duk abin da faɗinsa bai kai santimita 15 ba da sandar turawa ake tura shi, kuma a tsaya gefe, ba a bayan faifai ba. Ba a yanka gajeren katako a gicciye yana tokare da fens. Hannun riga a naɗe. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, a kashe makunni nan take kafin a janye katakon, kuma in da hali a sa wa injin makunnin maganaɗisu, irin wanda ba ya tashi da kansa idan wuta ta dawo. Bayan mako guda da fara aiki, sake bin notikan angul da na bututu da sifana, ka maimaita gwajin yatsa a bakin kwari, domin a kwanakin farko robar jarka tana ɗan kwanciya.